Ɗakin da Ya Girma Babu Wuta: Yadda Farantin Sola Ya Hau Rufin Tirelar Amurka

A manyan filayen da tireloli ke yada zango a gefen titunan Amurka, shekara da shekaru babu abin da ke cika kunne da dare kamar gurnanin injuna. Motoci ɗari ko fiye suna jere, direbobinsu sun ja labule suna barci a ɗakin da ke bayan kujerar tuƙi, amma injin kowace mota yana silo har gari ya waye. Inji ne mai ƙarfin doki 400 zuwa 500, an ƙera shi domin ya ja mota da kayanta masu nauyin tan 36, sai ga shi yana shan kusan lita 3 na dizal kowace awa domin ɗakin da bai fi rumfar mai shayi girma ba ya yi sanyi ko ɗumi, fitila ta kama, firji kuma kada ya mutu.

Cibiyar bincike ta Argonne, mallakar gwamnatin Amurka, ta ƙiyasta cewa motar dogon zango tana yin kimanin awa 1,800 a shekara injinta na aiki alhali tana tsaye, abin da ke cinye galan 1,500 na mai, wato wajen lita 5,700. Idan aka haɗa motocin ƙasar baki ɗaya, lissafin yana kusantar galan biliyan 1 a shekara.

A 'yan shekarun nan wani sabon abu ya fara bayyana a kan rufin waɗannan motoci: baƙin faranti marar kauri da aka manna kamar fata, waya ta gangaro daga jikinsa zuwa akwatin batura, a ƙarƙashin gadon direba kuma ga inbata tana mayar da wutar batir irin ta gida. Masu talla sukan nuna kamar rana ce ta karɓe aikin injin ɗungurungum. Tarihin ɗakin da na kayan wutar da aka cusa a cikinsa yana nuna cewa aikin da farantin ya zo yi ƙarami ne, kuma tsohon aiki ne da aka san shi da shi tun 1955.

Akwatin da ya zama ɗaki

A shekarun 1920, lokacin da manyan motoci suka fara gutsurar dakon kayan da jirgin ƙasa ya daɗe yana yi tsakanin birane, masu motoci suka lura cewa mota ba ta kawo kuɗi sai ƙafarta na juyawa. Saboda haka suka riƙa tura direbobi biyu-biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na barci. Wurin barcin akwati ne mai faɗin inci 18 zuwa 24, wani a bayan kujera, wani a goshin bodi, wani ma a rataye a ƙarƙashinsa, inda mai barci ba shi da hanyar yi wa mai tuƙi magana. Direbobi suka laƙaba masa suna akwatin gawa, domin ga hayaƙi, ga sanyi, idan kuma haɗari ya auku babu mafita.

A farkon shekarun 1930 kamfanoni irin su Kenworth suka fara fitar da motoci da gado a haɗe tun daga masana'anta. A 1935 majalisar dokokin Amurka ta sa sufurin manyan motoci tsakanin jihohi ƙarƙashin kulawar gwamnatin tarayya, kuma kafin shekarun nan su ƙare an kafa ƙa'idar da ta ɗore fiye da shekara sittin: tuƙin awa 10, hutun awa 8. Daga nan barcin direba ya shiga cikin abubuwan da doka ke ƙirgawa.

Tafiya ta ƙara nisa bayan 1956, shekarar da Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan titunan da suka ratsa jihohi, masu tsawon mil 41,000. Duk da haka gadon bai ƙara faɗi ba, dalili kuwa shi ne jihohi suna auna tsawon mota daga hancinta har wutsiyar bodi. Duk incin da aka bai wa gado, daga wurin kaya aka yanko shi. Shi ya sa motocin wancan zamani suka kasance masu shafaffiyar fuska, direba na zaune a kan inji, gadonsa kamar kanta a bayansa.

Dokoki biyu ne suka sauya lamarin. Ta farko a 1980, zamanin Shugaba Carter, ta buɗe harkar dakon kaya ga duk mai iya shiga. Dubban sabbin kamfanoni suka ɓullo, kuɗin dako ya faɗi, direban da ake biya gwargwadon mil ɗin da ya ci ya koma yin makonni bai ga gida ba, kuma kuɗin otal ba ya cikin lissafinsa. Ta biyu a 1982 ta hana jihohi ƙayyade jimillar tsawon kai da bodi a kan manyan titunan tarayya, sai ma'aunin ya koma kan bodi kaɗai. Kan mota ya sami sarari. Tun 1976 Kenworth ta riga ta fito da rufi mai tudu wanda mutum zai iya miƙewa tsaye a ƙarƙashinsa, yanzu kuma ga damar tsawo. Zuwa shekarun 1990 an saba ganin ɗaki mai zurfin inci 70 ko fiye, da gado mai hawa biyu, da kabad, da tebur, da gurbin firji da talabijin.

Abu ɗaya ne bai girma tare da ɗakin ba. Wutar motar tana nan yadda take: batura uku ko huɗu masu bolt 12, waɗanda aka ƙera domin su ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu a tayar da inji, da kuma altaneta, wadda ba ta cajin komai sai inji na juyawa.

Gaba kura, baya siyaki

Direbobi ba don sakaci suke barin inji a silo ba. Da bazara, a Teksas ko Arizona, zafi yana wuce digiri 40, kuma akwatin ƙarfe da gilashi da ke tsaye a kan kwalta ya fi waje zafi nesa. Da hunturu, a jihohin arewa irin su Minesota, sanyi yana sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili, dizal yana daskarewa kamar kakide, injin da aka kashe kuma yana iya ƙin tashi da safe. Na'urar sanyaya motar da bel take karɓar juyi daga inji, na'urar ɗumamawa kuma da ruwan zafin inji take aiki. A ƙarshen shekarun 1990, da galan ɗin dizal yake wajen dala 1, silon dare guda bai kai dala 10 ba. Babu otal mai wannan araha.

Ɓarnar da ke ciki kuwa babba ce. Galan ɗaya na dizal yana ɗauke da ƙarfin zafi da ya kai kimanin yunit 40, irin yunit ɗin da mitar wutar gida ke ƙirgawa. Injin da ke silo yana ƙona abin da ya haura yunit 30 a kowace awa, ɗakin kuwa yunit 1 ko 2 yake bukata. Sauran duk zafi ne da ƙara da hayaƙi, kuma hayaƙin yana yawo ne a tsakanin mutanen da ke barci.

Jihar Kalifoniya ce ta fara matsa lamba da gaske. A 1998 ta sanya baƙin tokar hayaƙin dizal cikin jerin gurɓatattun abubuwa masu guba. A 2004 ta kafa dokar da ta hana babbar mota yin silo fiye da minti 5, kuma daga Janairun 2008 dokar ta haɗa har da motoci masu ɗakin kwana, sai dai injin da aka tabbatar hayaƙinsa bai wuce wani mizani ba. Jihohi da birane da dama suka kafa nasu dokokin. A 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana hayaƙin dizal a matsayin abin da ke haddasa cutar ga ɗan Adam.

A daidai wannan lokaci dokar hutu ta ƙara tsawo. Daga 2004 direba yana iya tuƙin awa 11, amma tilas ya huta awa 10 a jere, idan kuma awannin aikinsa na mako sun ƙare, hutun awa 34 ne ke sabunta masa lissafi. Farashin mai shi ma ya tashi: galan ya haura dala 4.70 a Yulin 2008, ya haura dala 5.80 a Yunin 2022, inda silon dare guda ya kai wajen dala 46. Injunan da aka ƙera daga 2007 kuma suna ɗauke da matatar toka a bututun hayaƙi, wadda yawan silo ke saurin toshewa.

Sai direba ya tsinci kansa tsakanin dokoki biyu. Ɗaya ta ce ya tsaya ya yi barcin awa 10, ɗaya ta ce kada injinsa ya yi minti 5 a kunne. Mutumin da ya kwana yana juyi cikin gumi kuwa shi ne zai riƙe sitiyarin tan 36 da safe.

Hanyoyin da aka bi kafin rana

Dabara ta farko ita ce a kawo wa mota wuta da iska daga waje. Kamfanin IdleAire, wanda aka kafa a 2000 a Knoxville ta jihar Tenesi, ya gina dogayen ƙarafa a wuraren zango, inda wani ƙaton bututu ke saukowa a maƙala shi a tagar mota, yana hura sanyi ko ɗumi, yana ba da wuta da talabijin da intanet, ana biya da awa. Kuɗin ginin ya yi yawa, kuma direba ba ya da tabbacin zai sami gurbi a inda awanninsa suka ƙare. Kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2008, ya rufe a farkon 2010, daga baya wasu suka farfaɗo da shi a wurare kaɗan.

Dabara ta biyu ita ce ƙaramin injin dizal da ake ɗaurawa a gefen shasi, janareta ke nan na musamman, wanda ke shan kimanin rubu'in abin da babban inji ke sha. Yana aiki, amma yana cin dala dubu 8 zuwa 12, yana bukatar juye da gyara irin na kowane inji, kuma yana da nauyi. Domin ƙarfafa gwiwar masu motoci, dokar tarayya ta 2005 ta yarda a ɗaga wa motar da ke ɗauke da shi ƙafa da fam 400 a kan sikeli, a 2012 aka mayar da shi fam 550. Matsalar sanyi kuwa ta sami sauƙi da ƙananan na'urorin ɗumama ɗaki na kamfanonin Webasto da Espar, masu ƙona mai kaɗan, waɗanda galan ɗaya ke kai su fiye da dare guda.

Dabara ta uku ita ce ta share wa sola hanya. Aka ƙara wa mota wasu batura huɗu na dabam, altaneta ta caje su da rana ana tafiya, da dare su juya na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da lantarki. Ba ƙara, ba hayaƙi. Sai dai duk nauyin ya koma kan batirin dalma, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro tun 1859, kuma halinsa bai sauya ba: idan ana yawan zuƙe shi har ƙasa, ko aka bar shi kwana da kwanaki bai cika ba, wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantan cikinsa, ƙarfinsa ya ragu har ya mutu kafin lokacinsa.

Inbata da darasin waya

Wutar batir hanya ɗaya take gudu. Wutar gida kuwa kai-da-komo take yi, a Amurka sau 60 a daƙiƙa a kan bolt 120. Na'urar da ke mayar da ta farko ta biyu ta sami sunanta a rubuce tun 1925, a wata maƙala da injiniya David Prince na kamfanin General Electric ya wallafa, kuma ma'anar sunan ita ce mai juyawa. An daɗe inbata tana da nauyi da ɓarnar wuta. A shekarun 1980 ne wasu ƙananan kamfanoni a jihar Washinton, irin su Trace Engineering da Heart Interface, suka fito da masu inganci domin jiragen ruwa na shaƙatawa, da motocin yawon buɗe ido, da gidajen da ke nesa da turakun lantarki. Daga wannan kasuwa direbobin tirela suka gaji kayan.

Masu araha na farko wutarsu tana hawa da sauka ne kamar matakala, ba lanƙwasa mai santsi irin ta wutar gida ba. Fitila da tukunyar dafa ruwa ba su damu ba, amma na'urar ɗumama abinci tana yin gurnani ta rage ƙarfi, wasu cajoji kuma suna zafi su lalace. Bambancin ya zama batun lafiya da direbobi da yawa suka fara kwana da na'urar CPAP, wadda ke hura iska ga mai ciwon ɗaukewar numfashi a barci, ciwon da ya yawaita a wannan sana'a. Shi ya sa inbata mai tsabtatacciyar wuta ta zama abin da ake nema duk da tsadarta.

Babban darasin da aka koya da wahala yana cikin waya. Ramin kunna sigari na mota ba ya ɗaukar fiye da wat 150 ko kusa da haka. Inbata mai wat 1,500 kuwa, idan tana cikakken aiki a kan bolt 12, tana jan amfiya 125, da asarar cikinta ya kai wajen 140. Wannan ya ninka abin da soket ɗin gida ke ɗauka kusan sau goma, don haka wayar da za ta ɗauke shi sai mai kaurin yatsa, kuma gajera. Siririyar waya tana zafi, wayar da ta ratsa ƙarfen daɓen mota babu robar kariya kuma girgiza tana goge ta har ta haɗu da jikin mota. Batura huɗu da aka haɗa suna iya zubo dubban amfiya a irin wannan haɗuwa, ga katifa da labule a sama. Daga gobarar da aka sha gani ne ƙa'idodin yau suka fito: fiyus ya zauna daf da batir, waya ta bi ta cikin roba, inbata ta sami wurin shan iska, a kuma sa na'urar da ke yanke wutar ɗaki idan batir ya sauka zuwa wani mataki, domin a bar abin tayar da inji.

Da farko kamfanoni da yawa hana direbobinsu sa inbata suka yi. Daga baya suka koma sa wa da kansu a garejinsu, galibi da iyakar wat, har masu ƙera motoci suka fara fitar da ita tun daga masana'anta. Dalilin sauyin shi ne wahalar riƙe ma'aikata: a manyan kamfanonin dogon zango, yawan direbobin da ke barin aiki a shekara ya daɗe yana kai wajen kashi 90 cikin 100, sai firji da inbata suka shiga cikin abubuwan da ake tallar aiki da su.

A Turai lissafin wayar ya fi sauƙi, domin manyan motocinsu bolt 24 suke amfani da shi, abin da ke raba yawan amfiya biyu. Motocin DAF da MAN da ake shigowa da su Afirka ta Yamma na wannan tsari ne, saboda haka inbatar da aka yi wa motar Amurka ba ta dace da su ba.

Daga turken tarho a Jojiya

Farantin da ke kan rufin ya samo asali daga wata matsala mai kama da ta direba. A farkon shekarun 1950 kamfanin tarho na Bell ya ɗora wa injiniya Daryl Chapin aikin nemo hanyar ba da wuta ga layukan da ke wurare masu nisa da laima, inda busassun batura ke saurin lalacewa. Shi da abokan aikinsa Calvin Fuller da Gerald Pearson suka nuna wa duniya ƙwayar silikon ta farko mai amfani a Afrilun 1954, tana mayar da kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta lantarki. A 1955 aka ɗora farantin a kan turken tarho kusa da garin Americus na jihar Jojiya, yana cajin batura da rana domin layin ƙauye ya yi aiki dare da rana. Gwajin ya yi nasara, tsada ce ta hana shi yaɗuwa.

Sararin samaniya ne ya rene shi, tun daga tauraron Vanguard 1 a 1958. A farkon shekarun 1970 masanin kimiyya Elliot Berman, da kuɗin kamfanin mai na Exxon, ya sauko da farashin daga dala 100 zuwa dala 20 a kan kowane wat, sai farantai suka hau fitilun gargaɗi na teku da mahaɗar layin dogo. Masana'antun Sin ne suka ƙarasa karya farashin daga ƙarshen shekarun 2000, har wat ɗaya ya faɗo ƙasa da rabin dala.

Araha kaɗai ba ta isa ta hau da shi kan tirela ba. Rufin kan mota lanƙwasasshe ne, an zana shi domin ya ratsa iska, kuma a yawancin jihohin gabas tsayin mota ba ya wuce ƙafa 13 da inci 6, motocin kuma sun riga sun kusa taɓa wannan iyaka. Farantin gilashi mai firam yana ƙara tsayi, yana tare iska, yana bukatar huda rufi, girgizar mil dubu ɗari a shekara kuma tana jiran sa. Sai da farantai masu lanƙwasuwa, masu kaurin 'yan milimita, waɗanda ake mannawa da gam, suka inganta a shekarun 2010, sannan kamfanoni irin su eNow na jihar Rhode Island suka fara sayar da su ga masu motoci. Tsakanin faranti da batir ana sa kwantirola mai daidaita caji, wadda ake fara haɗawa da batir kafin a haɗa ta da faranti, da fiyus ɗinta ita ma.

Abin da lissafi ya nuna

Rufin kan mota yana ɗaukar farantin wat 100 zuwa 300 ko ɗan fiye. A ɗauki mai wat 300. A yawancin Amurka ana samun kwatankwacin awa 4 zuwa 5 na cikakkiyar rana a yini. Idan aka cire asarar zafi, domin faranti yana rage ƙarfi idan ya yi zafi kuma wanda aka manna ba ya shan iska ta ƙasa, aka cire ta ƙura da ta kwanciyarsa ba ya fuskantar rana, abin da ya rage kimanin yunit 1 ne a yini. Da hunturu a arewa bai kai rabin haka ba.

Yunit 1 yana riƙe ƙaramin firji yini guda, ya caja waya da kwamfuta, ya ɗumama abinci na 'yan mintuna. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa tana cin yunit 4 ko fiye a dare mai zafi. Altaneta mai amfiya 160, a kan takarda, tana ba da yunit 1 cikin rabin awa. Ƙari a kan haka, yawancin direbobi da rana suke tuƙi, wato lokacin da faranti ke aiki altaneta ma tana aiki, lokacin da ake bukatar wuta kuma rana ta faɗi. Rufin bodi mai tsawon ƙafa 53 yana da fili mai yawa, kuma motar gwaji ta Starship da kamfanin Shell ya nuna a 2018 ta ɗauki farantan wat 5,000 a kansa. Amma a harkar yau da kullum kai da bodi ba sa daɗewa tare: direba yana ajiye wannan ya ɗauki wancan, kamfanoni kuma sukan mallaki bodi uku ga kowane kai.

A 2018 ƙungiyar NACFE, mai nazarin tattalin mai a sufurin Arewacin Amurka, ta fitar da rahoto a kan sola a manyan motoci. Abin da ta samu shi ne man da faranti ke ragewa kaɗan ne, ribar tana cikin tsawon ran batura da raguwar kiran masu zuwa tayar da motar da batirinta ya mutu, kiran da kowane ɗaya ke cin ɗaruruwan daloli da awannin da kaya ke jira.

Dalilin yana cikin halin batirin dalma. Kashi na ƙarshe na cajinsa a hankali yake shiga, kuma sau da yawa ana kashe inji kafin ya cika. Motar zamani kuma tana cike da ƙananan na'urorin da ba sa barci: mai rubuta awannin tuƙi, wadda ta zama tilas daga Disambar 2017, da mai nuna inda mota take, da kyamarori, da firji. Motar da aka ajiye ranar Juma'a suna iya tsotse ta kafin Litinin. Wuta kaɗan mai zuwa kowace safiya ita ce maganin wannan, kuma ita faranti ya iya bayarwa.

Sabon batirin litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda ya fito daga ɗakin binciken John Goodenough a Jami'ar Teksas a tsakiyar shekarun 1990, ya fara sauya wani ɓangare na lissafin. Bai kai nauyin na dalma ba, yana jure a zuƙe shi kusan ƙarshe sau dubbai, don haka yana iya riƙe sanyin ɗaki dare guda. Yana da nasa sharuɗɗan: ba a cajinsa idan sanyi ya kai na daskarewar ruwa sai an ɗumama shi, kuma yana bukatar na'ura tsakaninsa da altaneta domin kada ya ja ta fiye da ƙarfinta. Ko da shi, altaneta ce ke cika tulun, faranti yana ƙarawa ne a kai.

Turai ta ɗauki wata hanya a kan tambayar ko mota gida ce. A Disambar 2017 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa direba ba zai yi cikakken hutunsa na mako, na awa 45, a cikin mota ba. A Amurka babu irin wannan hani, kuma direban da ya yi nisa da gida yakan yi hutun awa 34 ɗinsa a filin zango, a cikin ɗakin da dokar 1982 ta ba shi. A wannan yini da rabi ne, da kuma awannin jiran lodi a bakin sito, farantin ke aiki shi kaɗai, inji a kashe, rana a sama. Firji yana ci gaba da sanyi, na'urar numfashi tana samun wutar dare na biyu, idan lokacin tafiya ya yi kuma direba ya murɗa makulli, injin yana tashi.